Murhuna da Lambar da Aka Sata

Makon jiya wasu samari uku 'yan kwalejin Bici suka tsaya a bakin rumfata suna kallon muna naɗe ƙarfe. Ina jin ɗayansu yana ce wa 'yan uwansa wai wannan ai ba wani aiki ba ne, duro ne a yanka, a liƙa masa fanka, a shafa fenti, a loda a mota a kai Nijar, tunda an ce kayanmu ba a biya musu kuɗin fito. A lokacin akwai jan ƙarfe a awartakina, sai na ci gaba da aikina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda abin yake, ku masu ganin haka.

Sunana Hashimu. A wani ƙauye tsakanin Bici da Tofa aka haife ni, gidan maƙera, kuma a hannun ƙanin mahaifina, Baba Tanko, na koyi sana'a. Shekara uku ina zuga kafin ya bar ni in ɗauki masaba. Aikin farko da na yi da kaina fartanya ce ta wani maƙwabcinmu. Na ƙera, na wasa, na sa mata ƙota, ina ta jin kaina. Baba Tanko ya karɓa, ya buga ta a jikin uwar maƙera, ya kara kunne, sai ya zare ƙotar ya mayar da ƙarfen wuta. Ya ce akwai tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Sau huɗu na sake ta, mai ita yana zuwa kullum yana tambaya, ga ciyawa tana cin gonarsa. Haka aka koyar da mu.

Ku da kuka tashi a nan kun san ƙasarmu. Gona ta haɗe da gona, ƙauye yana hango ƙauye, babu dajin da mace za ta shiga ta yi itace. Ɗorawa da tsamiya da gawon da suka rage duk da masu su. Da kara ake girki, da kashin shanu. Damina tana sauka kara ya jiƙe, sai ka ga mace a durƙushe tana hura wuta, ido yana zubar da ruwa, tuwo ya ƙi nuna. A bayan gida kuwa ga ɓawon gyaɗa da totuwar masara tuli guda, amma in ka zuba su a murhun duwatsu hayaƙi kawai za su yi maka. Wannan ne ya sa na fara tunanin murhun da zai ci ɓawo.

Na farko da na yi, duro na yanka, kamar yadda yaron nan ya faɗa. Na sayar wa wata mai ƙosai a bakin tasha. Kwana ashirin ta dawo mini da shi, gindin ya huje, ta ajiye a gabana ko sallama ba ta yi ba. Inna Kulu, tsohuwar da ke ginin tukwane a unguwarmu, tana wucewa ta tsaya ta leƙa ciki. Ta ce, “Hashimu, kai ƙarfe ka sani. Ƙarfe ba ya riƙe wuta, ƙasa ce ke riƙe ta. Kawo mini shi gida.”

Damina biyu muka yi ni da ita muna ɓata yumɓu, muna neman yadda za a yi wa murhun ciki na ƙasa. In ƙaiƙayin gero ya yi yawa a kwaɓin, cikin ya rugurguje. In ya yi kaɗan, ya tsage ranar da aka fara gasa shi. Sai a inuwa yake bushewa, rana tana taɓa shi ya lalace. Ni kuma ina fama da ramukan iska, na ƙasa da ke tayar da wutar, da na sama da ke ƙone hayaƙin. Rami ɗaya ya fi ɗan uwansa faɗi, harshen wutar ya karkace ya ƙona gefen tukunya. Da muka samu daidai, tiya guda ta ɓawo tana dafa tuwon gida da miya.

Hajiya Zuwaira ce ta fara tsallakar da murhuna. 'Yar kasuwa ce daga Matamaye ta Nijar, takan zo cin kasuwar Bici. Ta sayi biyar, ta dawo ta sayi ashirin, daga nan sai a mota. A lokacin ba mu san wata takarda ba. Ƙasashen yankinmu sun ƙulla yarjejeniya cewa abin da aka noma ko aka ƙera a cikinsu ya wuce iyaka ba kuɗin fito, murhuna kuwa kowa ya gan shi ya san aikin hannu ne, sai a ɗaga mana hannu mu wuce.

Matsala ta fara ne da na ƙara masa fanka. 'Yar ƙaramar fanka ce, da ɗan batir da farantin sola kamar faɗin littafi, tana hura iska ta ƙasa, wutar ta tashi shuɗiya kamar ta gas. Lodin farko na masu fanka ni na raka shi. A bodar can wani dattijo ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ya sa aka sauke guda, ya juya shi, ya dube ni.

Ya ce, “Malam, ƙarfen da ƙasar naka ne, na yarda. Fankar fa? Batirin fa? A maƙerarka ka ƙera su?”

Na ce a'a, a Kano na saya, daga ƙetare ake kawo su.

Ya ce, “To ka gani. Yarjejeniyar ba ta ce duk abin da ya taso daga Najeriya ya wuce kyauta ba. Cewa ta yi abin da aka yi a Najeriya. In ba haka ba kowa sai ya sauke kayan ƙetare a bakin ruwa ya ce nasa ne. Wannan ya wuce aikin hannu. Je ka samo takardar asali.”

Ran nan sai da Hajiya ta biya, kuma gaskiyar dattijon ce. Takardar asali shaida ce cewa kayan nan ɗan ƙasa ne. Kafin a ba ka sai ka nuna cewa yawancin abin da ke jikinsa na gida ne, ko kuwa aikin da ka yi masa ya mai da shi wani abu dabam da abin da ka sayo. Shafa fenti ba ya cikin wannan, haka ɗaure noti, ko zubawa a kwali, ko manna suna. Na yi wa maƙera rijista, na ɗauki hotuna, na rubuta kowane ɓangare da inda ya fito, har tsofaffin durorin da nake saya wajen 'yan gwangwan. Zuwa Kano ban san iyakarsa ba, wata rana a ce mai sa hannu ya yi tafiya, wata rana a ce hoton bai fita ba. Fiye da shekara na yi kafin a ba ni lamba. Da wannan lambar ake yi wa kowane lodi takardarsa, a rubuta yawan kayan da sunan mai fitarwa. Daga nan aiki ya buɗe. Maza takwas a rumfa, mata goma sha biyu a gidan Inna Kulu, har da zawarawa da ba su da mai yi musu.

Ana cikin haka Alhaji Nasidi ya zo. Mai shigo da kaya ne a Kano, kwantena yake saukewa, fitilun sola da injinan ban ruwa. Ya zauna a kan bencina da farar rigarsa, ya yaba aikin, ya sayi guda uku. Ya ɗauki hoton tambarina, ɗan awartaki da nake bugawa a jikin ƙofar murhu. Har ya tambaye ni wane koren fenti nake sawa, ni kuma na tashi na ɗauko masa gwangwanin. Bayan wata shida ya dawo ya ce ya sami masu saye a Damagaram, yana son guda sittin, a yi masa takardar asali da sunansa. Na yi masa, kuma har bakin mota na raka shi ina godiya. Ya sake zuwa ya ɗauki wasu sittin. A karo na uku ne asiri ya tonu.

Abin da yake yi, ya aika da murhuna ƙetare an yi masa irinsa a masana'anta, kore kamar nawa, da awartakina a ƙofa. Sai ya cika tirela da su, ya jera nawa sittin a bakin ƙofa, ya ƙara sifili ɗaya a takarda, sittin ta koma ɗari shida. Sau biyu ya wuce. A na uku ya faɗa hannun dattijon nan, wanda ashe ya daɗe da saya wa iyalinsa murhuna. Ya hau motar ya kutsa ciki, ya ɗaga ɗaya da hannu guda. Nawa sai da hannu biyu. Ya sa aka buɗe, babu yumɓu, sai wani farin abu kamar auduga a tsakanin ƙarfe mai kaurin gwangwanin madara.

Ni ban san komai ba sai bayan kwana uku, da Hajiya Zuwaira ta kira ni daga boda da lodinmu. Ta ce, “Malam Hashimu, an ce lambarka an dakatar da ita. An ce ana shigo da kayan ƙetare da ita. Ko in biya kamar baƙon kaya, ko in juyo.” In ta biya, ba matar ƙauyen da za ta iya sayen murhun. Ta juyo da motar. Saura mako uku ruwa ya sauka, lokacin da muke sayar da abin da muka tara tun rani.

Washegari na tafi Kano shagon Alhaji Nasidi. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ban taɓa ba. Na ce, “Alhaji, me na yi maka?”

Ya ce, “Malam Hashimu, kai ka cika ɗaukar abu da zafi. Kuskuren mai rubutu ne, za a gyara.”

Na ce, “Awartakina da ke jikin murhu ɗari biyar da wani abu, shi ma mai rubutun ne ya buga?”

Sai ya yi murmushi ya gyara zama. Ya ce, “Tsakani da Allah, nawa da naka meye bambancinsu? Fankarka daga ina? Batirinka daga ina? Dukkanmu kayan waje muke sayarwa, kai dai ka shafa wa naka taɓo. Ka ji shawara. In an buɗe lambar, ka sallami matan nan, ka huta da zafin wuta. Ni in kawo kaya, kai ka kawo takarda, kowa ya samu.”

Damina biyu na Inna Kulu, tsohuwar da gwiwa ta hana ta ruku'u amma take shiga kududdufi da kanta don ta zaɓi ƙasa, shi ne wannan mutumin yake kira taɓo. Shi da bai taɓa riƙe guduma ba. Na miƙe na ce masa lambar nan ko za ta ruɓe a aljihuna ba zai ƙara ganinta ba. Ina fita ina ji yana ce wa mutanen shagonsa mutanen ƙauye ba su san kasuwa ba.

Wata bakwai lambar tana rufe. Ba wanda ya zo ya tambaye ni ko da sani na aka yi, takarda ta ce lambata ce, shi ke nan. Na rubuta, na kai kwafin takardun da na ajiye masu cewa sittin, aka ce ana bincike, in jira. Murhu ya cika rumfa har soro. Ruwan sama ya bugo ta gabas ya jiƙa layin ƙasa, yumɓu ya sha ruwa, ƙarfe ya yi tsatsa. Na bi kasuwanni, Tofa, Minjibir, Bici, ina karyar da farashi, amma nan gida mutum nawa ne zai sayi mai fanka a tsakiyar damina, lokacin da kowa abin taki yake nema? Masu walda biyar suka tafi, biyu birni, sauran gona. Matan suka koma ginin tulu da randa, a zamanin da bokitin roba ya cika kowane gida. Na koma ƙera fartanya da lauje kamar ranar da na fara. Shi kuwa Alhaji, ya biya tara ta hannun ejan ɗinsa, ya canza wa kamfaninsa suna, kwantenarsa ba ta fasa sauka ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne abin da har yau ban iya haɗiyewa ba. An yi dokar nan don irinmu, don mai ƙaramar maƙera ya iya tsayawa a kasuwa kusa da mai masana'anta. Da aka karya ta, mai maƙerar aka fara rufe wa ƙofa.

Bayan an gama girbin gero aka turo masu dubawa, wata jami'a da maza biyu. Ba ta da wasa, kuma ban ga laifinta ba. Ta zaɓi murhu da kanta daga can ƙasan tari, ta ce a warware shi gaba ɗaya. Na shimfiɗa tabarma biyu. A ɗaya na ajiye fanka da batir da faranti da 'yar waya, na ce waɗannan baƙi ne, ban taɓa ɓoyewa ba. A ɗayar na jera gangar jiki, ƙofa, ƙafafu, ragar toka, mazaunin tukunya da cikin yumɓu. Ta sa aka ɗauko duro a gabanta, na yanka, na buge, na naɗe, na yi walda, tana duba agogo tana rubutu. Sannan ta nuna cikin yumɓun ta ce, “Wannan fa, ta yaya zan san ba sayo shi kuke yi ba?”

Inna Kulu tana zaune a kan turmi tun safe. Sai ta ɗauki cikin ta buga a dutse ya rabe biyu, ta miƙa mata. Ta ce, “'Yar nan, dubi 'yan ramukan nan. Ƙaiƙayin geron bara ne ya ƙone a ciki. Ja-jan nan kuma ƙasar kududdufin gabas ce. Sa takalminki mu je in nuna miki inda na haƙa.”

Suka tafi, tsohuwa tana dogara sanda, jami'a tana biye da ita ta cikin karan dawa. Aka nuna mata ramin, aka nuna mata inda ake gashi, matan suka kwaɓa suka gina ɗaya tana kallo. Da za ta shiga mota Inna Kulu ta riƙe ƙofar ta ce, “In kin koma, ki ce wa mai kwantenar shi ma ya kai ki kududdufinsa.” Jami'ar ba ta yi dariya ba, amma ɗaya daga cikin mazan sai da ya juya baya.

Bayan mako shida aka buɗe lambar. Kada ku ɗauka shi ke nan. Tirela biyun da suka wuce sun riga sun bazu a Damagaram da ƙauyukanta, kuma ba wanda ya kai wata uku bai huje ba, da awartakina a jikinsa. Hajiya Zuwaira ta ce mata suna ganin koren murhu suke kau da kai. Sai da ta riƙa yawo da rabin cikin yumɓu a jaka, kasuwa kasuwa, tana cewa su ɗaga su ji nauyi kafin su saya. Shekara biyu kafin mu koma rabin inda muke. Daga baya al'amura tsakanin ƙasashen suka yi ta canzawa, yau boda a buɗe gobe a rufe, wannan kuma wani zance ne. Yanzu duk takardar da zan sa wa hannu, da kalmomi nake sa a rubuta yawan kayan, kuma ni nake tsayawa a kan lodi har a ɗaure tamfol.

Ragowar kayan Alhaji da ba su samu tsallakawa ba, a kasuwanninmu na nan aka zubar da su da araha. Da rani wata mata ta zo daga wajen Minjibir, goye da jariri, da koren murhu a ka. Ta sauke a gabana, gindin ya cinye, farin abin nan yana leƙowa. Ta ce, “Malam, ka ji tsoron Allah. Akuyata na sayar na sayi wannan.”

Na ce, “Baiwar Allah, wannan ba nawa ba ne.” Na ɗauko nawa na ce ta ɗaga. Ta ɗaga, ta ajiye, ta sa yatsa a kan awartakin da ke jikin nata.

Ta ce, “Ni ban san wannan ba. Sunanka na tambaya a kasuwa aka nuna mini shi, kuma ga shaidarka. Yara biyar na bari a gida, da me zan dafa musu?”

In aika ta Kano wajen mai farar riga? Na ce ta zauna a inuwa. Na yanke ruɓaɓɓen gindin, na kwashe audugar, na sa sabon ƙarfe, na aika gidan Inna Kulu aka kawo ciki gasasshe, na rage shi da magagari har ya zauna. Aikin ya ci mini tun hantsi har la'asar, na ajiye na mutane uku. Da ta kwance bakin zaninta za ta biya na ce ta bari. Sai na ɗauki guduma da kurfi na daddatse awartakin da ke ƙofar har ya ɓace.

Ta ce, “Ai yanzu kai ka gyara, me ya sa za ka cire?”

Na ce, “Gyara na yi, ba ni na ƙera ba. In wata ta tambaye ki inda kika saya, ki faɗa mata gaskiya, ki kuma gaya mata abin da ya same ki.”

Ta ɗaga murhun da ƙyar, na taya ta ɗora shi a ka. Ta ce ya yi nauyi. Na ce haka ya kamata.